Ranar da dattijo ya gaishe da kujeru

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu wanda ya kai ni wayewa tsakanin Gwandu da Kalgo, na taɓa kiran gayya a kan kwamfuta. E, gayya dai da kuka sani, irin ta noma. Wasunku kun sha tambayata abin da ke sa duk kaka in ɓace, in dawo da tafin hannu a fashe kamar wanda ya yi dambe da ƙaya. To yau ga labarin, ku yi dariyarku ku more, ni dai har yanzu in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi.

Abokina yana da ɗan shago a Kalgo inda ake koyon kwamfuta. Ɗalibai masu shirin jarrabawar shiga jami'a suna zuwa, malaman firamare suna zuwa, da rana kuma matarsa ta koya wa matan aure. Da shagon yake ci da iyalinsa. Kwamfutocin duk gwanjo ne, tsofaffin da wasu suka gaji da su suka sayar. In ka sa musu manhajar zamani sai su yi ta nishi, kafin shafi ɗaya ya buɗe ka gama alwala ka dawo. Ni na samo musu magani, kuma na daɗe ina cika baki da hakan.

Maganin wata tsohuwar manhaja ce, wadda ita ce fuskar kwamfuta, wato abin da idonka ke gani in ka kunna: tagogin da ke buɗewa, 'yan hotunan da ake latsawa, agogon da ke can gefe. Ba ta da nauyi ko kaɗan, tsohuwar na'ura ma sai ta miƙe da ita. Kyauta ce, ba ta wani kamfani ba ce, kuma an bar cikinta a buɗe, duk wanda ya iya ya duba ya gyara. Kamar rijiyar unguwa take, kowa ya ɗiba, amma sai an sami mai yashe ta. Na sa ta a duk kwamfutocin shagon, na kuma fara juya kalmominta zuwa Hausa saboda matan da ba su jin Turanci.

A wajen juyin nan na san mai yashe rijiyar. Wani dattijo ne a wata ƙasa mai nisa, can inda ƙanƙara ke zuba. Da suna da yawa masu kula da manhajar, sai aka yi ta zamewa, wannan ya sami aiki, wancan ya koma wa sabuwar da ake yayi, har ya rage shi kaɗai. Shi ke toshe ɓaraka in ta fito, shi ke amsa koken mutane daga ko'ina a duniya, kuma ba wanda ke biyansa. In na aika masa tambaya, ko ta wauta ce, sai ya amsa a tsanake da Turancinsa mai ɗingishi kamar nawa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba a lokacin, amma na ɗauke shi kamar kawu.

Wata rana na buɗe shafin manhajar sai na ga sanarwa a sama. Dattijon ya rubuta cewa idanunsa sun gaji, likita ya ce ya daina kallon allon kwamfuta in yana son ya tsira da sauran ganinsa. Yana neman masu sa kai da za su karɓi aikin. In ba a samu ba zai rufe, manhajar ta tsaya inda take, sannu a hankali ta daina tafiya da zamani har ta mutu. Na san abin da wannan ke nufi a Kalgo. Abokina ba shi da halin sauya kwamfuta ko ɗaya, balle duka.

Na bi sanarwar makonni ina leƙawa. Mutane suna ta rubuta masa godiya da fatan samun sauƙi, amma mai cewa ga ni, babu. Raina ya ɓaci. Na ce wa abokina waɗannan mutanen ƙasashen waje ba su san taimakon juna ba, kowa kansa ya sani. Mu nan in aiki ya fi ƙarfin mutum ai gayya ake kira, gari ya fito. Da na faɗi haka sai na ji kaina ya yi wani haske, na ce wallahi gayya zan kira, in nuna wa duniya yadda ake yi.

Ya kamata in gaya muku wani abu. Mahaifina tela ne, bai yi noma ba, ni kuma makarantar kwana ce ta raine ni. Gayya a bakin mutane na san ta, sai kiɗanta da nakan jiyo daga nesa. Ban taɓa riƙe fartanya a gonar wani ba, ban taɓa kiran kowa tawa ba don ba ni da ita. Amma na karanta, kuma a ganina a lokacin wanda ya karanta ya san komai.

Da na kai wa mahaifiyata maganar a Gwandu, don ina son ta taimaka da girki, tana tsince shinkafa a faifai ko ɗago kai ba ta yi ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

"Kai wanga, shi aikin tsohon wuni guda a ka ƙare shi?"

Na ce a'a, aiki ne na kullum, shekara da shekaru.

"To gayya dai wuni guda ta. Kuma duk wanda ya zo maka, kai ma sai ka tahi mai."

Na yi murmushin nan na ɗan boko, na ce Inna wannan gayyar zamani ce, ba irin wadda ta sani ba. Ta ce to, ta ci gaba da tsintarta. Amma girkin ta yi, har da daddawarta ta musamman ta ba da.

Muka sa rana. Abokina ya bi gida gida a Kalgo, ya aika Diggi, ya aika Wurogauri inda dangin mahaifiyarsa suke. Kalmar gayya ita ta yi aikin, don da cewa muka yi taro ne, da ba wanda zai bar uzurinsa. Ran nan shago ya cika har waje, sai da muka kafa rumfa. Mutum talatin da ɗoriya: tsofaffin ɗaliban shagon, masu gyaran waya, malamai, da kawun abokina daga Wurogauri wanda ya taso da 'ya'yansa da 'ya'yan ƙannensa gaba ɗaya, ko da yake shi kansa bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Wani makaɗin noma ma ya ji an ce gayya, ba wanda ya kira shi, sai ga shi da gangarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana yi wa masu latsa madannai kirari.

Kuma an yi aiki, wannan ba zan rage musu ba. An kwance kwamfutocin an share cikinsu. An sa sabon zubin manhajar a kowace, an gwada, duk inda ta maƙale an faɗa mini na tattara. Aka zauna a kan kalmomin Hausar da na shekara ina fama da su, aka gama su kafin la'asar, bayan an kusa dambe a kan ko wurin jefa abin da aka goge juji za a kira shi ko kwandon shara. Kawu ne ya raba gardamar, ya ce abin da za ka iya komawa ka ɗauko ai bai kai juji ba tukuna. Aka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, aka sha furar da aka kawo mana daga Masama. Na jera kowa a gaban shago aka ɗau hoto, ni a tsakiya da babbar riga, na ɗaga babban yatsa.

Da za a watse kawu ya kama hannuna, ya ce, "To malam, Allah ya yi. Asabar ta sama muna Wurogauri, shinkafa ta nuna." Na ce ma sha Allah, Allah ya sa albarka, Allah ya kai mu. A raina labari ya ba ni, irin wanda manomi ke bayarwa. Hankalina yana kan hoton.

Tun a mota kafin in isa Gwandu na aika wa dattijon. Na rubuta masa cewa ya kwantar da hankalinsa, ga rundunar masu sa kai ta samu, kuma ya dubi abin da suka yi a wuni ɗaya kacal. Ku fahimce ni, ba ƙarya na shirya ba. Na yarda da abin da na rubuta har zuciyata, wanda ina ganin ya fi ƙaryar muni, don maƙaryaci aƙalla ya san inda ramin yake.

Amsarsa ta zo da doguwar godiya. Ya ce ya nuna wa matarsa hoton sun daɗe suna kallo. Washegari na buɗe shafin manhajar, sai na ga ya cire sanarwar neman masu sa kai, ya sa hotonmu a wurin, ya rubuta bankwana a ƙasa. Ya ce yana son ya gana da mutanen ta kiran bidiyo, ya gaishe su, ya raba musu aikin, ya miƙa makullan shiga cikin manhajar, daga nan ya huta. Ya tambayi ranar da ta dace. Na ce Asabar ta sama da hantsi. Ya kuma roƙe ni in koya masa gaisuwa ɗaya da Hausa, na koya masa.

Na sanar a guruf ɗin da na buɗe mana a waya, mutane suka yi ta turo Allah ya kai mu. Abokina ya kira ni ya ce Asabar fa akwai Wurogauri. Na ce masa ai na riga na ba dattijo rana, bature ba ya son a sauya masa lokaci, masu zuwa gona su je bayan an tashi. Ya ce to. Abokina mutum ne mai kara, in ya ga ka hau dokin zuciya ba ya tare ka. Daga baya ya ce mini shi ya ɗauka zan farga da kaina, don bai taɓa tunanin akwai ɗan Kabi da za a yi wa wannan bayanin ba.

Ran Asabar na saka farar shadda da hula sabuwa, na kama hanya tun da sassafe. Na yi hayar fararen kujerun roba, na ari majigi, na rataye farin zane a bango. A shagon, matar abokina kaɗai na tarar, ita ta buɗe mini. Na tambayi maigidan ta ce ya fita tun asuba. Na jera kujeru layi layi, na tayar da janareta, na zauna. Hantsi ya ɗaga, ba kowa. Na kira wannan waya a kashe, na kira wancan tana shiga ba a ɗauka. Ina cikin haka sai ga kiran dattijo ya shigo.

Fuskarsa ta cika bangon. Siriri ne, gashi fari fat, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya sa kwat har da ɗamarar wuya, matarsa a gefensa ita ma ta yi ado. A bangon da ke bayansu na hango hotonmu, sun wanke shi babba sun rataye. Muka gaisa, ya ce in juya masa kyamarar wajen jama'a, ya shirya. Na ce suna hanya. Na ce hanyar ba ta da kyau. Na ce wani abu a kan sabis. Bai ji ni sosai ba, ko kuma ɗoki ya hana shi ji, ya sake cewa in juya. Na juya.

Idonsa ba ya gani da kyau, na gaya muku. Ya hangi fari fari a jere, ya ɗauka mutane ne cikin fararen riguna irin na hoton. Ya gyara zama, ya ɗaga hannu, ya ce da Hausar da na koya masa, a hankali, kalma kalma:

"Sannunku da aiki."

Ba abin da ya amsa sai janareta. Matarsa ce ta sunkuya ta raɗa masa wani abu a kunne. Na ga hannun nasa ya sauka a hankali. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, in ja zanen majigin in rufe ramin.

Matar abokina tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Malam, ka gaya mishi gaskiya, ba mai zuwa. Duk suna Wurogauri wajen yankan shinkafar kawu. Kai ma can a ka jiranka tun da safe."

Sai a lokacin maganar kawu ta dawo mini, da ta mahaifiyata a kan faifanta. Ba labari ya ba ni ba, kira ne. Mutanen nan sun zo gayyata, sun yi wuninsu, sun ci tuwo, sun gama abin da ya hau kansu. Ba wanda ya yi mini alkawarin shekara. Yanzu layi ya zo kan kawu, duk wanda aka haɗu da shi a tawa ya tafi tasa, kuma mutum na farko da ya kamata a gani a bakin gonar shi ne wanda ya kira ta farko. Ni ke nan, da nake zaune cikin shadda ina gadin kujeru.

Na juyo da kyamarar na yi wa dattijo bayani, Turancin ma guduna yake. Ya cire tabaran ya goge idonsa. Idon nasa yakan yi ruwa saboda ciwon, haka nake gaya wa kaina har yau. Ya tambaye ni ko a cikinsu akwai wanda zai iya ɗaukar aikin cikin manhajar. Na ce babu. Ya ce ni fa? Na ce ni juyi na iya da sakawa a na'ura, can cikin ban taɓa shiga ba, na dai ɗauka a cikin mutum talatin ba za a rasa ba. Matarsa ta tashi ta fita daga hoton, na ji ƙarar kofi a wani wuri, ta dawo.

Na jira faɗa, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ce in sake yi masa bayanin gayyar, a hankali. Na yi. Ya ce wato in mutane suka yi maka wuni, kai ma sai ka yi musu wuni? Na ce haka ne. Ya ce ran nan gonar wa suka yi wa aiki?

Na ce, "Taka."

"To ni ne ya kamata in je," in ji shi. "Ba zan iya ba. Ka tashi ka je mini, kada su ce ban san abin da ya kamata ba."

Na bar wa matar abokina kujeru da majigi, na tari ɗan kabu-kabu. Rana ta take tsaka muka isa fadamar Wurogauri. Tun daga nesa na jiyo gangar makaɗin nan, yana hango farar shadda kuwa ya sauya kiɗa, ya fara yi mini kirarin mai gayya da ya iso bayan an sauke tukunya. Duk gonar aka miƙe ana kallona. Wani ya ce a shimfiɗa wa malam darduma kada takalmi ya ɓaci. Wani ya tambaya ko na zo da kwamfutar da ke yanka. Abokina ya sunkuyar da kai yana ta yanka kamar bai taɓa ganina ba, amma kafaɗunsa rawa suke.

Kawu bai ce mini komai ba a kan latti. Ya ce sannu da hanya, ya miƙo mini lauje. Wannan shirun ya fi zagin makaɗin ciwo. Na tuɓe takalmi na naɗe wando na shiga. Taku na uku laka ta riƙe ƙafata na zauna daɓas, shadda ta tashi daga aiki. Na yanka abin da na yanka, rabi shinkafa rabi ɗan yatsana, har kawu ya ga asarar za ta yi yawa ya karɓe laujen ya ce in koma ɗaukar dami zuwa masussuka. Haka na wuni ina jigila, ƙaiƙayi na cin wuyana.

Da aka zauna shan fura na gaya wa kawu abin da ya faru a shago, da saƙon dattijo. Ban ɓoye kujerun ba, don na san matar abokina ba za ta ɓoye ba. Aka yi dariya har wani ya ƙware, amma kawu bai yi ba. Ya tambayi shekarun mutumin, ya tambaya ko yana da 'ya'ya kusa, ya tambaya shi kaɗai yake noman wannan gona tasa duk shekarun nan? Na ce shi kaɗai. Ya jinjina kai ya ce wanga tsoho ya san mutunci. Da aka auna shinkafa ya ware mudu guda ya ƙulle a leda, ya ce na tsoho ne, ya yi wuninsa.

Da na koma Gwandu mahaifiyata ta dubi shaddar, ta dubi yatsana da aka ɗaure da tsumma, ta dubi ledar shinkafa. Ta ce ashe gayyar zamanin ma da laka a cikinta. Ba ta ƙara ba, ta ɗora mini ruwan zafi.

Yanzu ga wajen da ba na dariya. A ranar dattijo ya mayar da sanarwarsa, bai rubuta kalma ɗaya da za ta kunyata ni ba, hoton ma bai cire ba, ya dai matsar da shi ƙasa. Amma daga baya na ji daga bakinsa, a cikin wata hira can, cewa akwai wata mata a wata ƙasa, ƙwararriya, da ta fara tuntuɓarsa kafin gayyata. Da ta ga hoton mutum talatin sai ta ce ai hannu ya yi yawa, ta kama wani aikin. Kafin ta sami sarari ta dawo an kusa shekara biyu. Duk wannan lokacin shi ya ci gaba da riƙe manhajar, ya ƙara girman rubutu a allonsa har kalma uku ke cika layi, matarsa na karanta masa saƙonni. Hutun da likita ya ce ya yi bai samu ba sai da ganin ya kusa ƙarewa. Ban san ko da bai ga hotona ba idon zai tsira, ni ba likita ba ne. Na dai san ban taimaka ba.

Manhajar tana nan da rai. Ƙwararriyar matar nan ce ke kula da ita yanzu da wasu mutum biyu, shagon abokina bai rufe ba, tsofaffin kwamfutocin suna nan suna aikinsu. Daga cikin rundunata ta talatin, wadda ta tsaya a aikin kullum ita ce matar abokina, wadda ko a hoton ba ta fito ba don tana wajen tukunya. Ita ke tura rahoto duk lokacin da wani abu ya maƙale wa ɗalibanta. Mu kuma muka mayar da gayyar ta shekara shekara, bayan an kai amfani gida, wuni guda, a gwada sabon zubi a gyara Hausa a ci tuwo a watse. Ita ma tana da amfaninta in ka san iyakarta. Ni kuma kafin ta zo sai na zagaya Wurogauri da Diggi na yi wunina, shi ya sa kuke ganin hannuna haka.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na zagi mutanen wata ƙasa da rashin taimakon juna alhali ni ban san yadda ake taimakon juna a garinmu ba. Na ɗauki al'adar da ban taɓa yi wa gumi ba na yi ado da ita a gaban baƙo, kuma wanda ya biya kuɗin adon ba ni ba ne. Tun daga lokacin in na ga taro ya cika ba na ƙirga kawuna, sai in tambayi kaina wa zai dawo ran Talata, ranar da babu tuwo babu ganga. Kuma har yau ba na son ganin fararen kujerun roba a jere kafin mutane su zo. Ko a wajen suna ne sai in sami abin yi a waje har a zauna.

Duk kaka dattijo yakan sa matarsa ta rubuto mini tambaya ɗaya, ko shinkafar Wurogauri ta yi kyau bana, tunda yana da wuni a ciki. Duk kaka kuma kawu sai ya ƙulle mudun tsoho. Ba yadda za a aika, mahaifiyata ke dafawa, in ɗau hoton kwanon in tura, matar ta kwatanta masa. Bara tambayar ba ta zo ba. Saƙon matarsa ne ya zo, gajere, ta ce dattijon ya rasu a gida cikin barcinsa, kuma hoton yana nan a bango.

Na je Wurogauri yankan shinkafa ban san ta inda zan fara ba, sai da kawu ya miƙo mini ledar sannan na gaya masa. Ya ce Allah sarki. Na yi nufin mayar masa da shinkafar, ya ture hannuna. A shekarar, tun da saƙon ya zo, ban ko buɗe shafin manhajar ba, ban kuma sa ranar gayya ba, ina ta ce wa kaina hidima ce ta yi yawa. Kawu bai san wannan ba. Ya ɗaure bakin buhunsa, ya ɗago ya dube ni.

"To gonar tashi fa, malam? Yaushe za ka kira mu?"